Panchang: Tambayoyi da Amsoshi kan Kalandar Hindu da Lokutan Sa'a da Nahisa

Duk wanda ya yi hulɗa da Indiyawa mabiya addinin Hindu, a kasuwa ko a asibiti ko a makaranta, ba zai rasa jin an ce masa a ɗan dakata da rattaba hannu sai ƙarfe kaza ba, alhali ga takarda ga biro. Galibi Panchang aka duba. Amsoshin da ke ƙasa bayani ne na yadda lissafin yake tafiya da wuraren da aka fi tafka kuskure a cikinsa.

Mene ne Panchang?

Littafin lissafin kwanaki ne da ake bugawa shekara-shekara, yanzu kuma akwai shi a manhajojin waya. A kudancin Indiya ana ce masa Panchangam. Abubuwa biyar yake bayarwa game da kowace rana: vara, wato ranar mako, tithi, wato matsayin wata daga rana, nakshatra, wato masaukin wata a cikin taurari, sai yoga da karana. A kan waɗannan biyar ake ɗora sauran bayanai, kamar fitowar rana da faɗuwarta, bukukuwa, ranakun azumi, da lokutan da ake so ko ake gudu.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, a wannan tsari rana tana farawa ne daga fitowar rana zuwa wata fitowar. Ba daga magariba ba kamar a lissafin Hijira, ba kuma daga sha biyun dare ba. Ƙarfe uku na dare bayan yinin Litinin, a wurinsu, har yanzu Litinin ce.

Tithi shi ne kwanan wata?

Ya yi kama da shi, amma ba shi ba ne. Tithi kusurwa ce, ba kwana ba. Daga lokacin da wata da rana suka daidaita a layi ɗaya, watan yana ta yin gaba yana barin ranar. Duk sa'ad da tazarar ta ƙaru da digiri 12, tithi ɗaya ya cika. Digiri 360 a raba da 12 ya ba da tithi 30 a wata. Sha biyar na farko su ne na farin wata, Shukla Paksha, suna ƙarewa da cikar wata da ake kira Purnima. Sha biyar na biyu na duhun wata ne, Krishna Paksha, suna ƙarewa da Amavasya, ranar ɓatan wata. Ba a jiran ganin jinjirin wata da ido. Lissafi ne kawai.

Da yake wata ba ya tafiya da sauri ɗaya (idan ya kusato duniya yakan ci wajen digiri 15 a kwana, idan ya yi nisa wajen 12), tsawon tithi yana kamawa daga kimanin awa 20 zuwa kusan awa 27. Kuma yana iya farawa ko ƙarewa a kowane lokaci: da hantsi, da la'asar, da tsakar dare.

To me ya sa ake tsallake wani tithi, wani kuma ya zo sau biyu?

Saboda ƙa'idar fitowar rana. Tithin da rana ta fito ta tarar shi ne yake ba wannan yini sunansa. A ce tithi na 6 ya fara ƙarfe 7:00 na safe, bayan rana ta riga ta fito, ya kuma ƙare ƙarfe 5:00 na asubar gobe. Bai ga fitowar rana ko ɗaya ba, don haka kalanda zai tashi daga 5 ya faɗa 7. Wannan shi ne kshaya. Idan kuwa tithi mai tsawo ya fara gab da fitowar rana ya zarce har bayan fitowar ta gobe, kwana biyu za su ɗauki lamba ɗaya. Shi ne vriddhi. Tsallakewa ta fi maimaici yawa, dole ne ma, tunda tithi 360 ake cusawa cikin kwana 354 na shekarar wata. Wanda ya ga haka a kalanda kada ya ce kuskuren maɗaba'a ne.

Nakshatra, yoga da karana fa, yaya ake fitar da su?

An raba hanyar da wata yake bi a sama gida 27, kowane gida digiri 13 da sulusi, daga Ashwini zuwa Revati. Wata yana kwana kusan ɗaya a kowane gida. Masu sanin taurarin noma a ƙasar Hausa ba baƙi ba ne a nan, don manazilin Larabawa 28 da malamai ke lissafi da su sun yi tarayya da wannan tsari a taurari da dama: Krittika ita ce Surayya, wadda muke kira kaza da 'ya'yanta, Rohini kuma Dabaran.

Yoga ana samunta ne ta hanyar tara matsayin rana da na wata, a raba da digiri 13 da sulusi. Su ma 27 ne. Wannan yoga ba ta da alaƙa da motsa jikin da aka sani. Biyun da aka fi gudu su ne Vyatipata da Vaidhriti. Karana kuwa rabin tithi ce, digiri 6, don haka akwai 60 a wata, amma sunayensu 11 ne: bakwai suna zagayowa sau takwas, huɗu kuma sau ɗaya tak suke zuwa a bakin ɓatan wata. Wadda ta fi kaurin suna ita ce Vishti, ko Bhadra. Saboda ita ne wasu shekarun mata ke jira har dare kafin su ɗaura wa 'yan'uwansu maza zaren bikin Raksha Bandhan.

Ga misali da lambobi. A ce rana tana digiri 32, wata yana digiri 132. Tazara 100 ce. A raba da 12 ya ba da 8 da ɗoriya, ke nan ana cikin tithi na 9, Navami na farin wata. 132 a raba da 13 da sulusi ya ba da 9.9, wato gida na 10, Magha. Jimillarsu 164, a raba haka nan ya ba da 12.3, yoga ta 13, Vyaghata. 100 a raba da 6 ya ba da 16 da ɗoriya, karana ta 17, Balava. Inda masu koyo ke zamewa shi ne mantawa da ƙara ɗaya bayan rabawa: 8 da ɗoriya na nufin takwas sun cika, ana cikin na tara.

Mene ne Rahu Kalam, kuma yaya ake lissafa shi?

Shi ne lokacin nahisar da ya fi shahara, musamman a Tamil Nadu, Kerala, Karnataka, Andhra Pradesh da Telangana. Kullum akwai shi, wajen awa ɗaya da rabi. A cikinsa ba a fara sabon abu: ba a tashi tafiya, ba a buɗe shago sabo, ba a ɗaura aure, ba a karɓo sabuwar mota. Aikin da aka riga aka fara ana ci gaba da shi, wannan ya sa za ka ga mai jirgin ƙarfe goma ya fito daga gida tun da wuri, ko ya fitar da jakarsa ya ajiye a maƙwabta, don a ce tafiya ta riga ta fara.

Lissafinsa ba wuya. A samo lokacin fitowar rana da na faɗuwarta a garin da ake. A mayar da tsawon yinin zuwa mintuna, a raba takwas. Sai a ɗauki kason da ya dace da ranar: Litinin kaso na 2, Asabar na 3, Juma'a na 4, Laraba na 5, Alhamis na 6, Talata na 7, Lahadi na 8. Kaso na farko bai taɓa zama na Rahu ba.

Idan rana ta fito 6:00 ta faɗi 6:00, kowane kaso minti 90 ne, sai a samu jadawalin da kowa ya haddace: Litinin 7:30 zuwa 9:00, Asabar 9:00 zuwa 10:30, Juma'a 10:30 zuwa 12:00, Laraba 12:00 zuwa 1:30, Alhamis 1:30 zuwa 3:00, Talata 3:00 zuwa 4:30, Lahadi 4:30 zuwa 6:00.

In akwai haddataccen jadawali, me zai sa a sake lissafi?

Domin rana ba ta yi wa kowa alkawarin fitowa ƙarfe shida ba. A Delhi, a ƙarshen Disamba, tana fitowa wajen 7:10 ta faɗi wajen 5:30. Minti 620 ke nan, kowane kaso minti 77 da rabi. Rahu Kalam na Litinin zai fara wajen 8:27 ya ƙare 9:45. Wanda ya bi haddataccen jadawali ya jira har 9:00 sannan ya buɗe shagonsa, ya buɗe ne a tsakiyar abin da yake gudu. A watan Yuni kuwa, rana na fitowa wajen 5:24 ta faɗi wajen 7:22 na yamma, kaso ya kai minti 105, na Lahadi ya koma daga wajen 5:37 zuwa faɗuwar rana.

Sai kuma faɗin ƙasar. Indiya duka agogo ɗaya take bi, amma tsakanin Kolkata da Mumbai akwai digiri 15 da ɗoriya, wato kimanin awa guda a tafiyar rana. Kamar dai jadawalin lokutan sallah ne: ba wanda zai ɗauki na Maiduguri ya sha ruwa da shi a Sakkwato. Kalandar bango da aka buga a Chennai tana iya yi wa mazaunin Chennai aiki dama-dama, tunda can yini da dare ba sa nisa da juna, amma a arewacin Indiya ba ta da amfani a wannan fanni.

Rahu ɗin tauraro ne? Lokacin yana bin inda yake a sama?

Rahu ba jiki ba ne da za a hango da madubi. Hanyar wata ta karkace kaɗan daga hanyar rana, suna gittawa a wurare biyu. Ɗaya shi ne Rahu, ɗayan Ketu. Wuraren biyu suna ja da baya sannu a hankali, suna kammala zagaye cikin shekara 18.6, kuma husufi ba ya faruwa sai rana da wata suna kusa da su. A tatsuniyar addinin, Rahu kan wani aljani ne da aka fille bayan ya saci ruwan rai, shi ne yake haɗiye rana da wata don ramuwa. Tun shekara ta 499 masanin falakin Indiya Aryabhata ya bayyana cewa husufi inuwa ce.

Amsar tambaya ta biyu ita ce a'a, kuma a nan ne ya kamata a raba Panchang gida biyu. Tithi da nakshatra abubuwa ne da ake aunawa a sama, kowane masanin falaki a ko'ina zai iya tabbatar da lambobinsu. Rahu Kalam kuwa ƙa'ida ce ta ranar mako kawai. Ko Rahu yana gabas ko yana yamma, na Litinin kaso na biyu ne. Abin da ke cikinsa na falaki bai wuce fitowar rana da faɗuwarta ba. Sauran al'ada ce da imani.

Ba kuma kowa ke gudunsa ba. A wuraren bauta irin su Srikalahasti a Andhra Pradesh da Thirunageswaram kusa da Kumbakonam, a daidai wannan lokaci ne jama'a suka fi cika don ibadar Rahu, kuma matan Tamil sukan kunna wa abar bautarsu Durga fitilar ɓawon lemun tsami a Rahu Kalam na Talata da Juma'a.

Yamagandam da Gulika Kalam daban suke?

Daban suke, amma da kason takwas ɗin nan ake fitar da su. Yamagandam yana kaso na 1 ranar Alhamis, na 2 Laraba, na 3 Talata, na 4 Litinin, na 5 Lahadi, na 6 Asabar, na 7 Juma'a. Ana gudunsa kamar Rahu Kalam. Gulika yana kaso na 1 ranar Asabar, na 2 Juma'a, haka yake ja da baya har na 7 ranar Lahadi. Shi Gulika hukuncinsa ya bambanta: an yi imani abin da aka yi a cikinsa yana maimaituwa, don haka ba a fita da gawa ko cin bashi, amma wasu na son sayen zinari a lokacin.

Waɗanne lokuta ne ake ɗauka na sa'a a kowace rana?

Ma'aunin gargajiya shi ne ghati, minti 24. Guda 60 ne a kwana. Ghati biyu su ne muhurta, minti 48. Yini yana da muhurta 15, na takwas ɗinsu, wanda ya hau kan tsakar rana, shi ne Abhijit. Shi ne mafakar wanda bai samu zuwa wurin mai lissafi ba. A yinin shida zuwa shida yana kamawa 11:36 zuwa 12:24. A misalin Delhi na Disamba zai zama wajen 11:59 zuwa 12:41, don yini ya gajarta, muhurta ya koma minti 41. Ba a amfani da shi ranar Laraba.

Brahma Muhurta yana farawa awa ɗaya da minti 36 kafin fitowar rana, ya ƙare saura minti 48. Na ibada ne da karatu, ba na ciniki ba.

A Gujarat da Rajasthan kuwa Choghadiya ce abar dubawa, 'yan kasuwa ma sun fi kowa riƙo da ita. Kaso takwas ne na yini, takwas na dare, da sunaye bakwai masu bin juna a jere: Udveg, Char, Labh, Amrit, Kaal, Shubh, Rog. Amrit, Shubh da Labh masu kyau ne, Char na tafiya ne, sauran ukun ana gudu. Yinin Lahadi yana farawa da Udveg, Litinin da Amrit, Talata da Rog, Laraba da Labh, Alhamis da Shubh, Juma'a da Char, Asabar da Kaal, kuma sunan da aka fara da shi ne ake rufewa da shi a kaso na takwas. Jerin dare dabam yake, kada a ɗora masa na yini.

Idan lokacin sa'a da na nahisa suka haɗu fa?

Suna haɗuwa duk mako. Ranar Alhamis kaso na 6 Amrit ne a Choghadiya, kuma shi ne Rahu Kalam. Ranar Talata kaso na 7 Shubh ne, shi ma Rahu Kalam. Akasarin masu buga Panchang suna cewa a bar irin wannan kason a nemi wani. A aikace dai kowane gida yana bin abin da ya gada: Bagujarate na iya duba Choghadiya kaɗai, Batamile kuma bai ma san da ita ba. Wanda ya ce zai tattara dukkan tsare-tsaren ya kiyaye su a lokaci guda, lokacin da zai rage masa a yini ba zai yi yawa ba.

Ba'indiyen da ke zaune a Legas ko Kano, lokacin ina zai bi?

A nan ma kashi biyu ne. Farawa da ƙarewar tithi, nakshatra, yoga da karana lokaci ɗaya ne a duk duniya, sai dai a juya agogo. Indiya tana gaban Najeriya da Nijar da awa huɗu da rabi, tana gaban Ghana da biyar da rabi. Tithin da ya ƙare 9:00 na safe a Delhi ya ƙare 4:30 na asuba a Legas. Rahu Kalam, Choghadiya da Abhijit kuwa ba a juya su. Sabon lissafi ake yi da fitowar ranar garin da ake.

A lura da abin da misalin ya haifar. A Delhi rana ta fito ta tarar da tsohon tithi, a Legas ta tarar da sabo. Ke nan yini ɗaya ya samu suna biyu, kuma azumi ko biki na iya faɗowa a Legas kwana ɗaya kafin Delhi. Kuskuren da ya fi yawa a manhaja shi ne barin ta a kan garin da ta zo da shi.

Me ake nufi da lokaci irin 26:15 a cikin Panchang?

Ƙarfe 2:15 na dare ne, bayan sha biyu. Tunda rana ba ta sauya sai gari ya waye, ana ci gaba da ƙirga daga 24. Wasu suna rubuta 2:15 su sa alamar tarawa a gefe. Tsofaffin bugu kuma da ghati suke bayarwa daga fitowar rana: ghati 20 awa takwas ke nan bayan fitowarta.

Me ya sa wasu shekarun ake jayayya kan ranar biki?

Saboda ƙa'idar fitowar rana ba ita kaɗai ke hukunta bukukuwa ba. Kowane biki yana da sashen yinin da ake so tithinsa ya rufe. Ram Navami da Ganesh Chaturthi tsakar rana ake dubawa, Janmashtami da Maha Shivaratri tsakar dare, ibadar Lakshmi, abar bautar arziki, a bikin fitilu na Diwali kuma ɗan lokacin bayan faɗuwar rana.

A 2024 Amavasya ta fara wajen 3:52 na yammacin 31 ga Oktoba, ta ƙare wajen 6:16 na yammacin 1 ga Nuwamba. Masu lissafi da yawa suka ce 31 ga wata, don a ranar ce ta rufe almuru da tsakar dare gaba ɗaya. Wasu suka ce 1 ga Nuwamba, don ta ga fitowar rana ta kuma ɗan taɓa bayan faɗuwarta. Kasuwannin hannun jari na Mumbai, masu buɗe cinikin sa'a na awa guda duk Diwali, ranar 1 ga Nuwamba suka yi nasu. Kowane ɓangare da hujjarsa a littafi.

Azumin Ekadashi, tithi na 11, shi ma yakan rabu. Masu bauta wa Vishnu ba sa karɓar ranar da tithi na 10 ya kai minti 96 kafin fitowar rana, sai su ɗaga zuwa gobe, sauran kuma su yi a yau.

Wata ɗaya, suna biyu. Shekara ɗaya, lambobi daban-daban. Yaya abin yake?

Watannin su ne Chaitra, Vaishakha, Jyeshtha, Ashadha, Shravana, Bhadrapada, Ashwin, Kartika, Margashirsha, Pausha, Magha da Phalguna. A Maharashtra, Gujarat, Karnataka, Andhra Pradesh da Telangana wata yana ƙarewa da ɓatan wata. A yawancin arewa yana ƙarewa da cikarsa. A kwanakin farin wata sunan ɗaya ne ko'ina. A na duhu ne arewa ke shiga sabon wata tun kudu ba ta shiga ba. Shi ya sa Janmashtami take cikin Bhadrapada a Uttar Pradesh, cikin Shravana a Maharashtra, alhali dare ɗaya ne. Tamil Nadu, Kerala, Bengal, Assam da Odisha kuma watannin rana suke ƙirgawa, sabuwar shekarar Tamil tana zuwa tsakiyar Afrilu.

Shekaru kuwa, Vikram Samvat tana gaban Miladiyya da 57, Shaka tana bayanta da 78. Ranar 30 ga Maris 2025 aka shiga 2082 ta Vikram da 1947 ta Shaka a lissafin wata. Daga Janairu zuwa sabuwar shekararsu tazarar takan zama 56 da 79. Gujarat sai washegarin Diwali take sauya lambar, Nepal kuma Vikram ce kalandar hukuma a can, amma ta rana.

In shekarar wata suke bi, me ya hana Diwali zagaye damina da rani kamar azumin Ramadan?

Wata na sha uku. Shekarar wata tana kasa ta rana da kwana 11, sai su cike giɓin da Adhik Maas kusan duk wata 32 da rabi. Ba wani ne ke zaɓarsa ba: duk watan da ya fara ya ƙare rana ba ta tsallaka daga buruji zuwa buruji ba, shi ne ƙarin, sai ya ari sunan watan da ke biye da shi. A 2020 Ashwin ne, a 2023 Shravana, a 2026 Jyeshtha. Ba a aure ko tarewa a sabon gida a cikinsa, ana dai yawaita ibada da sadaka. Da wannan Diwali ke zama tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba.

Na duba Panchang biyu na gari ɗaya, lokutan sun saɓa. Wanne ne daidai?

Dalilai uku ne ke kawo haka. Na farko hanyar lissafi: akwai masu bin tsofaffin ƙa'idojin da aka gada, irin Vakya a Tamil Nadu da na Surya Siddhanta a wasu wurare, akwai masu bin Drik, wato lissafin falaki na zamani. Saɓaninsu a ƙarshen tithi yakan kai awanni. In ana maganar dacewa da abin da ke sama, Drik ce daidai, husufi ma yana nuna haka. Wuraren bauta da yawa dai sun riƙe Vakya don al'ada.

Na biyu ayanamsha, wato tazarar da ke tsakanin mafarin awo guda biyu. Panchang daga taurari yake auna matsayi, falakin zamani kuma daga inda rana ke tsayawa ranar daidaituwar dare da yini ta Maris. Wannan wuri yana zamewa digiri ɗaya duk shekara 72, tazarar yanzu ta ɗan haura digiri 24. Wadda aka fi bi ita ce ta Lahiri, amma akwai wasu. Bambancin ba ya taɓa tithi da karana, don ragi ake yi sai ya soke kansa. Yana taɓa nakshatra, yana kuma ninkuwa a yoga tunda ita tarawa ce.

Na uku ma'anar fitowar rana: gefen sama na ƙwallon rana ko tsakiyarta. Mintuna kaɗan ne, amma suna iya sauya sunan yini idan tithi ya ƙare a daidai nan.

Gwamnati ta taɓa ƙoƙarin haɗa kan lamarin. A 1952 aka kafa kwamiti ƙarƙashin masanin kimiyya Meghnad Saha, ya tarar da kalanda wajen 30 ana aiki da su. Daga nan aka samu kalandar ƙasa ta Shaka, wadda ta fara aiki 22 ga Maris 1957, da Rashtriya Panchang da cibiyar falaki ta Kolkata ke bugawa. Kalandar ta tsaya a takardun hukuma. Gidaje suka ci gaba da nasu.

Me ya sa bukukuwan aure ke cunkushewa a wasu watanni?

Don an rufe sauran. A arewacin Indiya ba a aure a Chaturmas, wata huɗu daga tithi na 11 na farin Ashadha zuwa na 11 na farin Kartika, wato kusan Yuli zuwa Nuwamba. Haka daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Janairu, da tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Afrilu, da kwana takwas kafin bikin Holi, da duk lokacin da taurarin Mushtari ko Zara suka ɓace a hasken rana. Tamilawa na gudun watan Aadi. A kan haka a cire tithi na 4, 9 da 14 da ake kira Rikta, a cire Bhadra. 'Yan kwanakin da suka rage kowa yake rububi, kuɗin zauren biki da tikitin jirgi su tashi. Akwai ranakun da ake ganin ba sa buƙatar dubawa, babbarsu Akshaya Tritiya, tithi na 3 na farin Vaishakha, ranar da shagunan zinari ke cika maƙil.

Ranar da Panchang ya ce mai kyau ce, mai kyau ce ga kowa?

A tsarinsu, a'a. Don babban al'amari ana gwama ranar da nakshatrar haihuwar mutum. A ƙirga daga ta haihuwa zuwa ta ranar, har da su biyun, a raba da 9. Idan saura ya zama 3, 5 ko 7 sai a bar ranar. Ana kuma gudun kwana biyu da ɗoriyar da wata ke yi a buruji na takwas daga na haihuwa. Matafiya a arewacin Indiya suna da Disha Shool: ba a nufar gabas Litinin da Asabar, yamma Lahadi da Juma'a, arewa Talata da Laraba, kudu Alhamis.

Duk Indiyawa ne ke bin wannan?

Ina! Musulmin Indiya kalandar Hijira suke bi a ibadarsu, Kiristoci da tasu, koyarwar Sikh kuma ta yi watsi da zaɓen ranaku. A cikin Hindu ɗin ma akwai mai duba Rahu Kalam kafin ya aika saƙon neman aiki, akwai wanda sai aure ya taso yake tunawa da Panchang, akwai mai ƙaryata shi ɗungurungum. A Tamil Nadu, ƙungiyar ɗan gwagwarmaya Periyar E. V. Ramasamy ta riƙa ɗaura aure da gangan a cikin Rahu Kalam don karya abin da ta kira camfi. Jiragen ƙasa, kotuna, bankuna da jarrabawa ba sa tsayawa dominsa.

Ina hulɗar kasuwanci ko jinya a Indiya. Ina abin zai shafe ni?

A wurin sa ranaku. Idan abokin ciniki ya ce a matsar da rattaba hannu da awa ɗaya, ko ya ƙi karɓar kuɗin farko a wani yini, yawanci ba alamar janyewa ba ce. Tambaye shi lokacin da ya fi so tun kafin a sa rana. A duba kalandar jihar da za a je, ba ta ƙasa kaɗai ba, don hutun bukukuwa ya bambanta daga jiha zuwa jiha, kuma makon Diwali masana'antu da masu dakon kaya sukan yi sanyi. A asibiti za ka ga iyalai suna roƙon a sa tiyatar haihuwa ko wani aikin da ba na gaggawa ba a wani lokaci na musamman. Wannan zaɓinsu ne. Aikin gaggawa ba ya jiran muhurta, kuma ba a ɗora wa baƙo wannan lissafi.

Husufi yana sauya jadawalin yini?

Yana sauyawa. Akwai lokacin kamewa da ake kira Sutak, awa 12 kafin husufin rana, awa 9 kafin na wata. A cikinsa ana rufe ƙofofin wuraren bauta, har da babban na Tirumala, masu kiyayewa ba sa girki ko cin abinci, ana dai sassauta wa yara da tsofaffi da marasa lafiya. Sharaɗinsa shi ne a ga husufin a garin da ake. Wanda ya faru a Amurka alhali dare ne a Indiya ba shi da Sutak a Delhi, ko da Panchang ya rubuta shi a jerin husufin shekara.